Baƙin Dutsen Filato da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohon ramin kuza a Bukuru ko Bisichi ya san yadda ake wankin. A ɗebo ƙasa a kwanon sarki, a juye a magudana, ruwa ya tafi da laka da farin yashi, mai nauyin ya kwanta. Sai mace ta durƙusa da ƙwarya tana karkaɗawa tana tsiyaye ruwan a hankali, har ya rage baƙin gari mai sheƙi a gindin ƙwaryar. Ba duka ne kuza ba. A ciki akwai wani baƙin dutse da ido ba ya saurin bambanta shi, sai an bi da garin ta gaban maganaɗisu mai ƙarfi sannan yake warewa gefe. Shi ne kolambayit. Kusan shekara talatin kamfanonin Turawa suka yi suna zubar da shi a juji, domin a ganinsu ɓata musu kaya kawai yake yi.

Tarihin wannan dutse ya faro ne shekara ɗaya da tarihin wani haske da ido ba ya gani, hasken da masana suke fatan wata rana ya nuna musu ko akwai rai a duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Kowanne ya kama hanyarsa, sai bayan shekara 171 suka yi kiciɓis, a kan Wata.

Shekarar ita ce 1801. A Landan, wani masanin sinadarai mai suna Charles Hatchett yana bincika wani baƙin dutse da aka kawo daga Amurka aka ajiye a gidan tarihin Birtaniya, sai ya gano akwai ƙarfen da ba a sani ba a cikinsa. Ya sa masa suna kolambiyam. Daga baya sunan niyobiyam ya rinjaya. Shi ne ƙarfen da ke cikin kolambayit. A Jena ta ƙasar Jamus kuwa, wani saurayi, Johann Wilhelm Ritter, yana wasa da hasken rana. An daɗe da sanin cewa idan haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku yakan tsefe ya zama launukan bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Shekara guda kafin nan William Herschel ya ajiye ma'aunin zafi a gaba da ja, inda babu wani launi, ya ga ma'aunin ya hau. Ritter ya ce to bari a duba ɗaya gefen. Ya jiƙa takarda da sinadarin azurfa mai yin baƙi idan haske ya taɓa shi, ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin launukan. Inda ta fi saurin yin baƙi shi ne gaba da shunayya, wurin da ido yake ganin duhu. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira ultrabayolet.

Abin da ya mayar da tsefe haske ilimi mai zaman kansa shi ne giɓin da ke cikinsa. A 1814 Joseph Fraunhofer, mai sana'ar gilashi a Bavariya, ya ga ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe a cikin bakan hasken rana. Ba wanda ya san dalilinsu sai 1859, da Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Heidelberg cewa kowane sinadari yana da launukan da yake haɗiyewa, nasa shi kaɗai. Ke nan idan haske ya ratso wata iska kafin ya iso gare ka, abin da ya ɓace daga cikinsa zai gaya maka irin iskar. Ba sai ka je ka ɗebo ta ba. Duk neman rai a duniyoyin nesa da ake yi yau, a kan wannan ya tsaya.

A 1879 Bafaranshe Alfred Cornu ya lura cewa bakan hasken rana yana yankewa ƙat a gefen ultrabayolet, a wajen nanomita 300 na awon zangon haske, kuma wurin yankewar yana motsawa gwargwadon tsayin rana a sama. Da hantsi daban, da la'asar sakaliya daban. Ashe ba rana ce ta gaza ba, wani abu ne a iskarmu yake tare hasken. Bayan shekara biyu Walter Hartley a Dublin ya kama mai laifin: ozon, wato oksijin mai ƙwaya uku a maimakon biyun da muke shaƙa. Charles Fabry da Henri Buisson suka auna yawansa a Faransa, Gordon Dobson ya ƙera ma'auninsa a Oxford a shekarun 1920, sannan Sydney Chapman ya bayyana yadda yake samuwa a 1930: hasken ultrabayolet ne yake fasa oksijin a can sama, gutsattsarin su manne da wanda bai fashe ba. Yawancinsa yana tsakanin kilomita 15 da 35 daga ƙasa. Da za a tattaro shi duka a sauko da shi inda muke, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba. Wannan ɗan abin shi ya hana rana ƙone duk wani mai rai a doron ƙasa. Mutanen Jos, da suke zaune a tsayin kusan mita 1,200, sun fi na kwari shan ragowar da ke tsallakowa, ko da iska tana sanyi. Zabiya da manomin dankali a Bokkos sun san haka a fatarsu.

A nan ne al'amarin ya zama mai wuya, kuma ni a nan yake burge ni. Abin da ya kare mu shi ya rufe mana ido. Ozon ya fi haɗiyar haske a wajen nanomita 255, don haka alamarsa a can take fi fitowa ɓaro-ɓaro. Amma ba za ka taɓa ganin ozon na wata duniya daga ƙasa ba, domin namu ya riga ya cinye hasken kafin ya iso. Ko ka kafa na'urar hangen nesa a ƙololuwar tsaunin Shere, a daren da babu hazon hunturu ko kaɗan, ba ka tsallake shi ba. Dole sai an fita.

Yayin da ake wannan lissafi a Turai, Filato tana cikin wani hali dabam. Tun kafin zuwan Bature maƙeran Hausawa a Riruwai da Liruwen Dalma suna narka kuza su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen dalma su suka ja hankalin kamfanin Neja. A 1902 ya aiko George Nicolaus ya bi sawunsu har kogin Dilimi, a 1903 Henry Laws ya biyo baya da sojoji, aka kafa sansani a Naraguta. Ƙasar Birom da Anaguta da Afizere ta koma filin haƙa. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na gabas ya iso a 1927, aka datse ruwan Kurra don ba injina wuta. Leburori suka kwararo daga Kano da Zazzau da Sakkwato da Barno, garin Jos ya tashi a kan guminsu. Mafi munin lokacin shi ne bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, da Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas, mutanen da suka saba da zafi aka kawo su sanyin Filato ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta wannan dalla-dalla a littafinsa na 1981 kan ma'aikatan kuza. Bai kamata a ba da labarin wani ƙarfe daga wannan ƙasa a tsallake su ba.

Shi kuwa baƙin dutsen juji, ranarsa ta zo ne da aka gano cewa ɗan niyobiyam kaɗan yana sa ƙarfe ya jure zafin da zai lalata waninsa. An fara fitar da shi a shekarun 1930. Da injin jirgin sama mai saurin gaske ya bayyana, ga kuma yaƙin Koriya, Amurka ta shiga tara shi tana biyan farashi mai tsoka daga 1952 zuwa 1955. Aka koma kan tsofaffin jujin ana sake wanke su. A waɗannan shekaru mafi yawan kolambayit ɗin duniya daga Filato yake fita. Abin bai daɗe ba. Amurka ta daina saye, Birazil ta buɗe mahaƙarta ta Araxá ta kama kasuwar har yau.

Fita daga ƙarƙashin ozon ta samu ne da makamin yaƙi. Bayan faɗuwar Jamus, Amurkawa suka kwashi rokokinta na V-2 suka kai hamadar White Sands. Ranar 10 ga Oktoba 1946, ayarin Richard Tousey na cibiyar binciken sojan ruwa suka ɗaura wa ɗaya na'urar tsefe haske suka harba. Da aka tono fim ɗin daga tarkace, sai ga bakan rana yana ƙara tsawo hoto bayan hoto yayin da rokar take hawa, yana shiga yankin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gani.

A wannan cibiya ce wani baƙar fata ɗan Amurka, George Carruthers, ya kama aiki a 1964. Tun yana yaro yake harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa. Shi ya ƙera kyamarar ultrabayolet da 'yan sama jannatin Apollo 16 suka tafi da ita Wata a Afrilun 1972. Ƙarama ce, an shafe ta da zinariya, tana tsaye a kan ƙafa uku. John Young ya kafa ta a tuddan Descartes, a inuwar kumbon da ya sauke su, don kada rana ta dame ta. Bakin injin da ya sauke wannan kumbo, wanda ya sha wutar saukar bai narke ba, da gamin niyobiyam aka yi shi. Ƙarfen da Jos ta fara ciyar da masana'antun duniya da shi yana tsaye taku kaɗan daga na'urar farko da ta kalli duniyarmu daga doron wata duniya da wannan haske. Hotunan sun nuna Duniya lulluɓe da wani ƙaton gajimaren haidurojin mai faɗin dubban kilomita, ga oksijin yana ƙyalli a samanta. An dawo da fim ɗin. Kyamarar da gindin kumbon suna can har yanzu.

Tambayar da ta biyo baya tana da sauƙin faɗa: idan baƙo ya hango mu daga nesa haka, zai gane akwai rai? James Lovelock ya riga ya ba da shawara a 1965 cewa a dubi iskar duniya, a ga ko akwai abubuwan da bai kamata su zauna tare ba. Oksijin ba ya zama haka nan. Yana cin ƙarfe, yana cin duwatsu. Jar marmarar da ke ko'ina a Filato ƙarfe ne da ya sha oksijin ya yi tsatsa. In ba ana sabunta shi kullum ba, da tuni ƙasa ta shanye shi. Kashi 21 cikin ɗari na iskarmu oksijin ne saboda tsirrai da ƙananan halittun ruwa suna fitar da shi, aikin da ya fara cika iska tun kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce. A Disambar 1990 kumbon Galileo, a hanyarsa ta zuwa Mushtari, ya gifta ta kusa da mu, Carl Sagan ya sa aka juyo da na'urorinsa kanmu kamar ba a san mu ba. Sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna oksijin mai yawa, da iskar misen da ba ta da dalilin wanzuwa kusa da shi, da wani irin tsalle da haske yake yi gaba da ja a duk inda ganye yake. Wannan alama ta ganye ba baƙuwa ba ce a Jos. Da ita Cibiyar Nazarin Ƙasa daga Sama ta Ƙasa, wadda ke garin a ƙarƙashin hukumar NASRDA, take bambanta gona da daji da fako a hotunan tauraron ɗan Adam, kuma NigeriaSat-1 da aka harba a Satumbar 2003 ya tafi da idon da ke ganin ta.

Har lokacin gwajin Galileo ba a tabbatar da duniya ko ɗaya a wajen gidan rana ba. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na Geneva suka gano wadda ke zagaya tauraron 51 Pegasi, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. A 1999 aka ga wata, HD 209458 b, tana gittawa ta gaban tauraronta duk kwana uku da rabi, tana rage haskensa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Dama ta samu ke nan, domin a lokacin gittawar wani ɗan haske yana ratsa iskar da ke gefenta. David Charbonneau ya yi amfani da na'urar STIS ta madubin Hubble da ke sararin samaniya ya gano sodiyam a ciki, karo na farko da aka san abin da ke iskar irin wannan duniya. A 2003 Alfred Vidal-Madjar na Faris ya kalle ta a ultrabayolet, a layin haidurojin na nanomita 121.6, sai ya ga ba kashi ɗaya da rabi take tarewa ba, kusan 15 ne. Iskarta ce take tsiyayewa sama saboda zafin tauraron, tana jan jela. Bayan shekara guda suka ga oksijin da kabon a cikin jelar. Ba wanda ya ce rai ne, don duniyar ƙatuwar curin iska ce mai zafi fiye da maƙera. Amma an nuna cewa hanyar tana aiki daga nisan da haske yake shekara fiye da 150 kafin ya ratsa.

Gwajin da ya fi kusa da mu kuwa da idonmu muka ga rabinsa. Asubahin Litinin, 21 ga Janairu 2019, aka yi husufin wata. A agogon Najeriya ya kama gaba ɗaya da ƙarfe 5:41, ya fara saki da 6:43, wata yana gangarawa yamma, masu fitowa daga masallaci cikin sanyin hunturu suna ɗaga kai. A garuruwanmu in rana ta kama wata yara kan fito da gwangwani da faranti suna kaɗawa, manya su yi sallar husufi. Jan da wata yake yi a lokacin hasken rana ne da ya ratso gefen iskar duniya, ta duk wuraren da alfijir ke ketowa ko rana ke faɗuwa, ya lanƙwasa ya faɗa kansa. A ƙarshen kamun, Filato tana daf da wannan gefe. A daren nan Allison Youngblood da abokan aikinta suka juya Hubble ga wata, suka mai da shi madubi, suka tsefe hasken da ya ratso iskarmu daidai yadda za a yi wa duniyar wani tauraro. A 2020 suka buga abin da suka samu: ozon ya fito sarai, har a ultrabayolet.

Dalilin da ya sa ake nacewa kan ozon, ba oksijin kansa ba, yana cikin tarihin duniyarmu. Bayan oksijin ya fara taruwa, ya yi fiye da shekara biliyan ɗaya yana ɗan kaɗan ƙwarai, alhali teku cike yake da ƙananan halittu. Mai hange daga nesa da hasken da ido ke gani zai iya cewa kango ce. Amma ko oksijin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yawansa na yau ba, ozon da yake haifarwa ya isa ya yi giɓi mai zurfi a nanomita 255. Idan yawancin duniyoyi masu rai suna irin wancan mataki ne, ta wannan taga kaɗai za a gan su.

Sai dai ozon shi kaɗai ba shaida ba ce, kuma a nan nake ganin ya kamata mai karatu ya riƙe hankalinsa. Kumbon Mariner sun gano ozon a Mirrihi tun wajen 1970, kumbon Venus Express ya gano shi a Zuhura a 2011, kuma duka biyun hasken rana ne ya fasa iskar kabon ya samar da shi. A 2015 Rodrigo Luger da Rory Barnes suka nuna cewa ƙaramin jan tauraro, irin TRAPPIST-1 mai duniyoyi bakwai, yana iya tafasa tekun duniyarsa tun tana jaririya, haidurojin ya tsere, oksijin ya taru jingim a busasshiyar ƙasa marar ko ƙwayar cuta. Don haka sai an san irin ultrabayolet da tauraron kansa yake fitarwa, sai an nemi ruwa, an nemi misen, an kore kowace hanya da dutse da haske za su iya ƙirƙiro alamar. Sau biyu a 'yan shekarun nan gidajen rediyo suka ɗauki labarin an ga alamar rai: fosfin a gajimaren Zuhura a Satumbar 2020, da wani sinadari a iskar K2-18 b da ayarin Nikku Madhusudhan na Cambridge suka sanar a Afrilun 2025. Duka biyun, da wasu masana suka sake bin bayanan, sun ce alamar ba ta kai ƙarfin da aka ba ta ba. Ban ga laifin mai bincike da ya faɗi abin da yake zato ba. Laifin yana wajen mai mayar da zato tabbas don labari ya yi daɗi. Aikin ya fi kama da na matar nan mai ƙwarya: tulin ƙasa ake wankewa a sami cokali guda, kuma cokalin ma sai an tantance don ba kowane baƙi ne kuza ba. Duniya irin tamu in ta gitta gaban tauraro irin rana, kashi 84 cikin miliyan kawai take rage haskensa, rabon iskarta a ciki kuwa bai fi ɗaya cikin miliyan ba.

Duniyoyin da aka tabbatar sun kai 6,000 a 2025, amma idon da ke ganin ultrabayolet bai ƙaru yadda ya kamata ba. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 an shafe shi da zinariya ne don hasken da ke gaba da ja; shi ya gano iskar kabon a WASP-39 b, amma ba ya ganin wannan gefen sam. Dogaro yana kan Hubble, wanda ke sama tun Afrilun 1990. Na'urarsa ta STIS ta mutu a 2004, 'yan sama jannati suka gyara ta da hannu a 2009, kuma jiragen da suka kai su an ajiye su tun 2011. A 2021 masanan taurari na Amurka suka ba da shawarar a gina sabon madubi mai faɗin kusan mita 6, wanda zai toshe hasken tauraro ya ɗauki hoton duniyar da ke gefensa, ko da ta fi shi dushewa sau biliyan goma. An sa masa suna Habitable Worlds Observatory, burinsa ya bincika duniyoyi kamar 25 masu kama da tamu, kuma ba a sa ran tashinsa kafin shekarun 2040.

Yaron da ke aji ɗaya na sakandare a Anguwar Rogo ko Gyel yau, shi ne zai kai ƙarfinsa a lokacin. Abin da nake so masa shi ne kada rabon Filato a wannan karo ya tsaya ga tono. Ba sai Najeriya ta harba madubi ba. Bayanan Hubble, har da na HD 209458 b da na husufin 2019, suna ajiye a rumbun MAST da ke Baltimore, kowa na iya saukewa ta intanet ba ko sisi. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Jos da ke da kwamfuta da wuta da malamin da zai zauna da shi zai iya buɗe su ya sake auna giɓin da kansa. Kuma akwai aikin da ke jiran hannu tun yanzu: kafin sabon madubin ya tashi, sai an auna ultrabayolet na taurarin da ke kusa da mu ɗaya bayan ɗaya, tun Hubble yana da sauran ƙarfi, domin duk ozon da za a gani nan gaba da wannan awo za a yi masa hukunci.